Kibiyar da ke Tafiya Baibai: Tarihin Tambayoyin Ɗalibai a kan Lantarki

A kwalejoji da lise na ƙasar Nijar, fizik da shimi darasi guda ne, malami guda ke koyar da su, maki guda ake ba su. Tsari ne da aka gada daga makarantun Faransa, kuma babu inda hikimarsa ta fi bayyana kamar a babin lantarki. A nan ne kuma ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Yaro zai iya haddace ƙa'ida, ya yi lissafi daidai, amma da zarar ya tsaya ya yi tunani sai tambaya ta taso masa. Littafi ya zana kibiya daga kan pil mai alamar ƙari (+) zuwa kai mai alamar ragi (−), ya ce nan ne hanyar lantarki; bayan shafi biyu kuma ya ce ƙwayoyin elektron, waɗanda su ne ke tafiya cikin waya, daga ragi suke fita zuwa ƙari. To, wanne ne gaskiya? Amsar da aka saba ba shi ita ce «haka masana suka yi ittifaƙi», amsa ce kuwa mai rufe baki ba tare da ta buɗe kai ba. Alhali wannan tambaya, da ƴan'uwanta biyu ko uku, ba alamar daƙiƙanci ba ce. Daidai wuraren da yara ke tuntuɓe, nan ne manyan masana suka yi shekaru fiye da ɗari suna gardama, kuma sawun gardamar na nan kwance cikin kalmomi da alamomin da ke cikin littafin.

Sunan abin kansa yana ɗauke da labarin farkonsa. Girkawan dā sun lura akwai wani ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, ruwan zuma, wanda in an goga shi da ulu yakan jawo ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Sunansa a harshensu elektron. Farisawa sun kira shi kahruba, watau mai fizgar haki, daga nan Larabawa suka sami kalmar kahraba wadda suke kiran lantarki da ita har yau. A shekarar 1600 likitan sarauniyar Ingila, William Gilbert, ya ƙirƙiro kalmar Latin electricus domin duk abin da ke yin halin wannan ƙaro. Ita ce ta bi ta Turancin Ingilishi ta iso Hausa ta zama «lantarki». Ɗalibin da ya goga biro a gashin kansa ya ɗauki ɓarɓashin takarda, gwajin Girkawan nan ne yake maimaitawa.

A 1733 wani Bafaranshe, Charles du Fay, ya gano cewa lantarkin da ake samu ta goga gilashi dabam yake da wanda ake samu ta goga ƙaro: iri ɗaya suna korar juna, iri biyu suna jan juna. Sai ya ce lantarki kashi biyu ne. Benjamin Franklin, mai sana'ar buga littattafai a birnin Filadelfiya na Amurka, bai yarda ba. A cikin wasiƙun da ya rubuta a 1747 ya ce abu guda ne, kamar ruwa marar nauyi da ke cikin kowane jiki. Jikin da ya sami fiye da rabonsa yana da ƙari, wanda ya rasa yana da ragi, yadda ɗan kasuwa ke rubuta riba da bashi. Saura a san wanne ne ya samu, wanne ya rasa. Franklin ba shi da wata hanyar gani, don haka ya zaɓa: ya ce gilashin da aka goga shi ne mai ƙari. Zaɓi ne tsakanin abu biyu, kuma ya faɗa kan wanda ba shi ba, domin a yau an san gilashin da aka goga da siliki rasa elektron yake yi. Ba wanda zai iya kama shi da wannan a zamaninsa, kuma dukan lissafin da aka gina a kan zaɓin ya fita daidai. Tushen kibiyar littafi ke nan.

Akwai wani abu a rubutun Franklin da ya kamata malamin Hausa ya lura da shi: yakan kira abin «wutar lantarki», kamar yadda Bahaushe ke cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta. Kalmar tana da daɗin faɗi, amma tana da tarko. Wuta ci take yi. Ta ci itace ya zama toka. Saboda haka ɗalibin da ya girma da wannan kalma yakan ɗauka cewa ƙwan fitila cinye lantarki yake yi, abin da ya shiga ta waya ɗaya ya fi wanda ya fita ta ɗayar. Amsar wannan ba ta samu ba sai da aka sami pil.

Labarin pil kuwa daga kwaɗo ya faro. Luigi Galvani, malamin ilimin sassan jiki a jami'ar Bolonya ta ƙasar Italiya, ya lura cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana zabura in an taɓa jijiyarta da tsokarta da ƙarfe. A littafin da ya fitar a 1791 ya ce akwai lantarki a jikin dabba, ƙarfen hanya ce kawai da ya bi. Alessandro Volta na jami'ar Pabiya ya fara da yabo, sa'an nan ya maimaita gwajin ya ga zaburar ta fi ƙarfi in ƙarfen iri biyu ne. Sai ya juya maganar: lantarkin daga haɗuwar ƙarafan yake, kwaɗon ma'auni ne kurum. Gardama ta yi zafi, masanan Turai suka rabu gida biyu. Galvani ya rasu a 1798, bayan an raba shi da kujerarsa saboda ya ƙi yin rantsuwar biyayya ga jamhuriyar da Napoliyon ya kafa a arewacin Italiya. Bai ga ƙarshen maganar ba, kuma ba duka ya yi kuskure ba, domin daga baya an tabbatar jijiyoyi da lantarki suke aiki.

Domin ya kawar da kwaɗo daga zancen baki ɗaya, Volta ya jera faifan tutiya da na azurfa ko jan ƙarfe, yana raba kowane biyu da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, ya ɗora su bisa juna kamar yadda ake jera faya-fayi. Kalmar Faransanci pile ma'anarta ke nan, tuli ko jeri, kuma ita ce «pil» da ake saye a tebur a kasuwar Maradi ko Damagaram, ko da yake ba sauran wani tuli a cikinta. Ranar 20 ga Maris 1800 ya aika da bayanin, cikin Faransanci, ga Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana ta Landan. A ciki ya kwatanta na'urarsa da gaɓar kifin nan na teku mai girgiza wanda ya taɓa shi. Masuntan kogin Kwara sun san irin wannan girgiza a jikin minjirya. A 1801 ya nuna ta a Paris gaban Napoliyon. Kafin wannan, lantarki tartsatsi ne mai wucewa cikin ƙiftawar ido. Yanzu ya zama abu mai kwarara ba yankewa, wanda za a iya zama a yi nazarinsa.

Abin mamaki shi ne wanda ya ƙera pil bai fahimci abin da ke tafiyar da ita ba. Volta ya tsaya a kan cewa taɓa junan ƙarafa biyu ya isa, ruwan gishirin kuwa mahaɗi ne kawai. Amma duk wanda ya yi aiki da tulin ya ga tutiyar tana cinyewa. Masu ra'ayin shimi suka ce wannan cinyewar ita ce asalin ƙarfin, aka kuma shafe shekaru kusan arba'in ana ja-in-ja, har Michael Faraday ya kawo hujja a 1840 cewa in da taɓawa kaɗai ke ba da kwarara marar ƙarewa, da an sami ƙarfi daga babu, abin da ba a taɓa gani ba a halitta. Nan amsar yaron da ke tambayar abin da ke ƙarewa cikin pil take. Ba elektron ne ke ƙarewa ba, ba kuwa wata wuta da aka ɗura. Sinadaran ne ke sauyawa. Pil ɗin tocila irin ta dā, jikar wadda Georges Leclanché ya ƙera a 1866, gwangwaninta na tutiya ne, kuma shi ya sa tsohuwarta ke hujewa ta yi ɗigo ta ɓata rediyo: gwangwanin ne aka ci. Ma'aunin amper da aka sa gaban ƙwan fitila da wanda aka sa bayansa adadi ɗaya suke nunawa. Abin da ƙwan ya karɓa makamashi ne, wanda ya mayar zafi da haske, kamar yadda James Joule ya auna a farkon shekarun 1840.

Tun wasiƙar Volta ba ta kai ga bugawa ba, mutum biyu a Landan, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka haɗa nasu tulin, suka tsoma wayoyinsa biyu cikin ruwa, sai ga kumfa: iskar idrojen a waya ɗaya, oksijen a ɗayar. A cikin shekara guda ke nan aka ga shimi na haifar da lantarki, lantarki kuma na warware abin da shimi ya ɗaure. Humphry Davy ya bi wannan hanya da manyan pil, a 1807 ya fitar da ƙarafa biyu da ido bai taɓa gani ba, potasiyom da sodiyom, a 1808 kuma ya ƙara da kalsiyom da magneziyom da wasu. Alamar sodiyom, Na, da ke rikita ɗalibai domin ba ta yi kama da sunan ba, daga kalmar natron ta fito, watau kanwa.

Shekarar 1820 ce ta kafa kibiyar. A birnin Kopenhagen, Hans Christian Oersted ya ga allurar maganaɗisu mai nuna arewa ta karkace da aka kusanto ta da wayar da lantarki ke bi. Labarin ya iso majalisar masana ta Paris a watan Satumba, kuma cikin ƴan makonni André-Marie Ampère ya nuna cewa wayoyi biyu masu ɗauke da kwarara suna jan juna ko korar juna gwargwadon inda kwararar ta fuskanta. To, sai ya zama tilas a faɗi inda ta fuskanta, domin ba a iya cewa allura za ta karkata dama ko hagu sai an san gaba da baya. Ampère ya yanke cewa za a riƙa bin tafiyar lantarkin ƙari, daga kan ƙari zuwa kan ragi ta wajen pil, kuma a fili ya ɗauki wannan a matsayin yarjejeniyar magana, ba abin da ya gani da ido ba. Shi ne kuma ya raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa a lokacin, waɗanda ɗalibai ke cakuɗawa har yanzu: tension, watau turin da ke tsakanin wurare biyu, da courant, watau abin da ke kwarara. Pil da ke ajiye cikin aljihu tana da na farko, ba ta da na biyu.

Wanda ya ɗaure waɗannan biyu da lissafi malamin sakandare ne, ba shehin jami'a ba. Georg Simon Ohm yana koyar da lissafi da fizik a wata makaranta a birnin Kolon na Jamus, yana gwaje-gwajensa da kayan makarantar, yana jan wayoyinsa da hannunsa, sana'ar da ya koya wurin mahaifinsa maƙerin makullai. Matsalarsa ita ce pil ɗin zamanin ba ta da tsayayyen ƙarfi, tana raguwa ana cikin awo. Sai ya bar ta, ya koma ga haɗin ƙarafa biyu, bismut da jan ƙarfe, ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗaya cikin ƙanƙara, ya sami turi marar rawa. A 1827 ya buga littafinsa. Ƙa'idar da ke ciki ita ce wadda ake rubutawa U = R × I: pil mai volt 4,5 da aka haɗa da turjiya mai om 15 za ta ba da amper 0,3. Yau layi guda ce a allo, amma a lokacin an karɓe ta da sanyin jiki, wasu ma da raini. Ohm ya bar aikinsa, ya yi shekaru yana ƴan koyarwa na wucin gadi a Berlin, sai a 1833 ya sami gurbi a Nuremberg. A Faransa, Claude Pouillet ya sake gano dangantakar a 1837, shi ya sa littattafan Faransanci ke da ƙa'idar Pouillet kusa da ta Ohm. Masanan Landan sun ba Ohm babbar lambarsu a 1841. Kujerar farfesan fizik a jami'ar Munik kuwa sai 1852 ya hau ta, saura shekara biyu ya rasu.

Mafi wuyar kalmomin babin, anod da katod da iyon, aikin Faraday ne. Yaron talaka ne da ya fara da koyon ɗinkin littattafai, ya riƙa karanta abin da aka ba shi ya ɗinka, har ya zama mataimakin Davy a 1813. A 1833 da 1834 ya auna cewa yawan abin da lantarki ke warewa daga narkakken sinadari daidai yake da yawan lantarkin da ya ratsa shi: amper guda cikin awa guda yana tara jan ƙarfe gram 1,19 ko kusa da haka, ba ƙari ba ragi, ko da wace irin pil aka yi aiki. Da ya zo rubutawa sai ya ga tsofaffin kalmomi suna ɗauke da ra'ayoyin da bai amince da su ba. Ya nemi taimakon William Whewell na Kambirij, gwanin harshen Girka, suka yi ta musayar wasiƙu a 1834. Faraday yana son sunayen da ba za su rushe ba ko da wata rana an sake ra'ayi a kan inda lantarki ke fuskanta, don haka ya jingina su da abin da ba ya sauyawa, fitowar rana da faɗuwarta. Anod na nufin hanyar hawa, gabas. Katod hanyar sauka, yamma. Iyon kuwa matafiyi. A ma'anarsa, anod ita ce ƙofar da kwarara ke shiga ruwan sinadarin, katod ƙofar da take fita.

Wanda ya riƙe wannan ma'ana ta ƙofa ya huta da wata tambaya da ke wahalar da ƴan lise: me ya sa anod ke da alamar ƙari a darasin elektroliz, amma ta koma ragi a darasin pil? A tukunyar elektroliz, kwarara daga waje take zuwa, ta shiga ruwan ta sandar da ke haɗe da kan ƙari. A cikin pil mai aiki kuwa, kwararar da ta zagayo ta waya ta dawo kan ragi, ta nan take shiga ruwan da ke ciki domin ta ƙarasa zagayenta. Ƙofar shiga ce a duka biyun, kuma a duka biyun a nan ne sinadari ke sakin elektron. Sunan bai taɓa yin alkawarin wata alama ba; littattafan da ke sa yara haddace «anod ita ce ƙari» su ne ke haƙa musu ramin da za su faɗa bayan shekara biyu.

Faraday ya zaci kwararar ce ke farfasa sinadari ta haifar da matafiyan nan. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya zo a 1884 da ra'ayin cewa gishiri na rabuwa zuwa iyon tun lokacin da ya narke, ko babu pil a kusa. Malamansa a jami'ar Upsala suka ba kundinsa maki na ƙasa-ƙasa. A 1903 wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel. Da kofi uku da pil da ƙaramin ƙwan fitila ana iya nuna maganarsa a kowane aji: busasshen gishiri ba ya kunna ƙwan domin iyon ɗinsa a ɗaure suke, ruwan sukari ba ya kunnawa domin sukari ba ya rabuwa zuwa iyon, ruwan gishiri kuwa yana kunnawa.

Sai a 1897, shekara 150 bayan zaɓin Franklin, J. J. Thomson ya nuna a Kambirij cewa akwai wata ƙwaya da ta fi kowane atom ƙanƙanta nesa ba kusa ba, mai ɗauke da cajin ragi. Sunan elektron yana nan yana jiranta, domin George Stoney ya ƙirƙiro shi tun 1891. Ba a daɗe ba aka gane su ne ke tafiya cikin ƙarfe, kuma tafiyarsu kishiyar kibiyar Ampère ce. Me ya hana a juya kibiyar? Na farko, an riga an gina komai a kanta: ƙa'idojin maganaɗisu, zanen injuna, da ma'aunan amper da volt da om da taron masana lantarki ya tsayar a Paris a 1881. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, ba ko'ina kibiyar ke tafiya baibai ba. Cikin ruwan gishiri matafiya iri biyu ne, masu ƙari suna bin kibiyar, masu ragi suna saɓa mata, a lokaci guda. Cajin ragi da ya tafi hagu da cajin ƙari da ya tafi dama sakamakonsu ɗaya ne a ma'auni, kamar yadda bashin da ya bar aljihun mutum da kuɗin da ya shigo masa ke ƙara masa abu ɗaya. Don haka malamin da ya ce wa aji «masana sun yi kuskure» rabin gaskiya ya faɗa. Kibiyar ba hoton elektron ba ce, hanyar lissafi ce da ta dace da waya da ruwa duka.

Tafiyar elektron ɗin ma ba yadda ake zato take ba. A wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i guda, in amper guda ke bi, matsakaicin ci gabansu bai wuce santimita 26 a awa ba, abin da hawainiya za ta raina. Fitila na kamawa nan take ne domin wayar cike take da su tun kafin a taɓa makunni, kamar tiyon da ke cike da ruwa: da an buɗe famfo a wannan kai, ruwa ya zubo a wancan.

Shi kansa amper, ma'aunin fizik, ya daɗe yana dogara da shimi. Taron Landan na 1908 ya bayyana shi da cewa shi ne kwararar da ke tara miligram 1,118 na azurfa cikin daƙiƙa guda a tukunyar elektroliz, watau da sikeli ake tabbatar da shi, bisa ƙa'idar Faraday. A 1948 aka koma ga ƙarfin jan da ke tsakanin wayoyi biyu, gwajin Ampère na 1820. Tun ranar 20 ga Mayu 2019 kuma, da cajin elektron ake bayyana shi: amper guda shi ne wucewar elektron kimanin 6,24 × 10¹⁸ cikin kowace daƙiƙa, suna tafiya daga kan ragi zuwa kan ƙari, a ƙarƙashin kibiyar da ke nuna ɗaya wajen.